Daga Itacen Arak Zuwa New Bell: Tarihin Asuwaki da Maganin Warin Baki

 

Ya 'yan'uwa da ɗalibanmu masu albarka, akwai wata matsala da kowa ya santa a masallatanmu, amma ba mai son ɗauko zancenta. Ana tsaye a sahu kafaɗa da kafaɗa, ga zafin Duwala, ga gumi, sai ka ga mutum yana kau da fuska daga na kusa da shi, hankalinsa ya bar karatun liman ya koma kan hancinsa. A makaranta yaro na biya hadda, malam na ja da baya. A gida mata na haƙuri ko miji na haƙuri, ba wanda ya ce uffan. Warin baki ke nan. Mai shi ba ya ji, domin hanci kan saba da abin da ke tare da shi kullum. Masu ji kuma kunya ta rufe musu baki.

Mun ga ya dace mu bi tarihin wannan al'amari tun daga Madina har zuwa unguwarmu. Duk inda muka leƙa a tarihin, za mu tarar mutane sun kasu biyu: masu rufe wari da ƙamshi, da masu kawar da abin da ke kawo warin. Addininmu tun farko yana tare da kashi na biyu.

A Madina

Larabawan Hijaz suna da wani itace da ke fitowa a busasshiyar ƙasa, sunansa arak. Daga saiwarsa da rassansa ake yanko asuwaki. An ruwaito cewa wata rana Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) ya hau itacen don ya yanko wa Manzon Allah (SAW) asuwaki, iska ta yaye tufarsa, sahabbai suka yi dariyar sirantar ƙwaurinsa. Sai Manzon Allah ya shaida musu cewa waɗannan ƙafafu sun fi dutsen Uhudu nauyi a ma'aunin Lahira. Ku duba, sahabi babba kamar wannan, aikin da ya sa shi hawa itace shi ne neman abin goge baki.

Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa abin da yake fara yi in ya shigo gida shi ne asuwaki. Huzaifa (RA) ya ce haka yake yi in ya tashi da dare. Shi kuwa Abu Musa al-Ash'ari (RA) ya shigo ya same shi asuwaki na kan harshensa, yana gogawa har ana jin sauti kamar na mai kakari. Ɗalibai, ku riƙe wannan ruwaya ta harshe da kyau, za mu dawo kanta. Manzon Allah ya kuma bayyana cewa ba don gudun tsananta wa al'umma ba, da ya umurce su da asuwaki a kowace salla. Har a ciwon ajalinsa, shekara ta 11 bayan Hijira, da Abdurrahman ɗan Abubakar ya shigo riƙe da ɗanyen asuwaki, Nana A'isha ta karɓa ta tausasa masa, ya goge bakinsa. Yana cikin ayyukansa na ƙarshe a duniya.

Game da warin abinci kuwa, a shekarar Khaibar, ta 7 bayan Hijira, yunwa ta sa sahabbai suka ci tafarnuwa da yawa suka zo masallaci. Aka hana wanda ya ci kusantar jama'a. Mutane suka ɗauka an haramta ta, sai Manzon Allah ya fayyace cewa halal ce, warinta ne abin ƙi, kuma abin da ke cutar da mutane yana cutar da mala'iku. Daga baya Sayyidina Umar (RA) ya tuna wa mutane wannan a huɗubar Juma'a, ya ce wanda zai ci albasa ko tafarnuwa ya kashe warinsu da dahuwa. Kun ga ke nan, tun a lokacin an ɗauki numfashin mutum a matsayin haƙƙin maƙwabcinsa na sahu.

A littattafan da muke karantawa

Wannan sunna ta shiga littattafan fiƙihun da ke hannun ɗalibanmu. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, wato 996, ya ambaci goge haƙora ko da da yatsa ne a wajen alwala, ya kuma ce bai kamata wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ya shiga masallaci ba. Shehu Khalil, a ƙarni na 14, ya lissafa asuwaki cikin mustahabban alwala a Mukhtasar ɗinsa. Malaman Malikiyya har sun tattauna ko warin baki aibi ne da ke bai wa miji damar warware aure. Abin da ya shahara a mazhaba shi ne ba a warware aure saboda shi in ba a gindaya sharaɗi ba. Amma ai tattaunawar kanta ta isa shaida cewa magabata sun san abin na iya girgiza gida.

Likitocin Musulmi su ma ba su zauna ba. Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya rubuta at-Tasrif mai kashi 30. A kashi na ƙarshe, na aikin tiyata, ya yi bayanin wani ɓawo mai tauri, baƙi ko rawaya ko kore, da ke taruwa a gindin haƙora har ya lalata dasashi. Ya zana siffofin ƙarafan da ake kankare shi da su, ya ce in bai fita a zama ɗaya ba a maimaita a wasu ranaku har ya ƙare. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ware wa warin baki fasali a littafinsa al-Ƙanun, ya jero inda yake tasowa: dasashi, gindin haƙora, ciki, ko huhu. Aikin kankarar haƙora da ake yi a asibiti yau, wanda wasunmu ke tsoro, Musulmi ne ya zana kayansa shekara 1,000 da suka wuce.

A ƙasar Hausa

Sunan asuwaki kansa daga Larabci ya zo mana tare da karatu. Inda babu arak, kakanninmu sun nemi abin da daji ya ba su, irin su marke. Daga baya, zamanin Turawa, aka kawo dogon yaro daga Indiya, ya zama asuwakin kowa. Akwai kuma gawayi da gishiri da toka, da tsinken sakace bayan cin nama.

Amma akwai wani abu da ya shiga bakin Bahaushe ya zauna daram, wato goro. Ayarin fatake, madugu na gaba, kan tashi daga Kano su yi watanni a hanya kafin su kai Salaga a ƙasar Gwanja, su dawo da huhunan goro a kan jakuna. Goro ya zama abin tarbar baƙo, abin neman aure, abin raɗin suna. Mata kan haɗa shi da fure don haƙora su yi ja, kuma a lokacin ado ne. Tsofaffi kan ƙunsa taba gari da kanwa a kunci. Wanda ya ji bakinsa ba daɗi sai ya ɓare goro ko ya tauna kanumfari. To nan ne rufewa ta fara zama kusa da kawarwa. Sai dai mutanen wancan zamani suna da abu biyu da suka tsare su: asuwaki na aljihu sau biyar a yini, kuma sukari bai yawaita ba.

Yadda muka iso New Bell

Bayan Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansu, hanya ta buɗe wa fataken Hausa zuwa Adamawa. Suka bi ta Garwa, Ngaundare, Banyo, Tibati da Yoko, suna sayen hauren giwa, daga baya roba, da goron ƙasar Bamun da tuddan Bamenda. A 1884 Jamus ta ƙulla yarjejeniya da sarakunan Duwala, Bell da Akwa. A zamaninta Hausawa suka gangaro bakin teku, wasu fatake, wasu mahauta, wasu cikin soja. Da aka kammala layin dogo daga Bonaberi zuwa Nkongsamba a 1911, kaya da mutane suka ƙara kwararowa.

Ga abin da ya kamata kowane ɗan unguwar nan ya sani. Daga 1910 hukumar Jamus ta shirya tashin mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, a mai da su can baya, a bar fili mai faɗin kilomita 1 tsakaninsu da Turawa. Hujjar da aka kafa ita ce lafiya da tsafta, wai baƙar fata ne ke ɗauke da zazzaɓin da sauro ke kai wa Bature. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, ya kai ƙara har majalisar Jamus. Aka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914, tare da Ngoso Din. Filin da aka ware wa mutanensa shi ne New Bell. Yawancinsu ba su yarda sun zauna ba, sai baƙi suka cika wurin a zamanin Faransa: Hausawa, Bamileke, Basa, Ewondo da sauransu.

Wato unguwar da muke ciki an yanke ta ne da sunan nisanta masu tsafta daga marasa tsafta. Alhali waɗanda suka kafa masallatanta na farko mutane ne masu kurkure baki sau uku a kowace alwala. A nan kurmi ma sun sami wasu itatuwa: itacen namijin goro, da shuwaka, wadda maƙwabtanmu ke yin miyar ndole da ganyenta, karanta kuma ana goge baki da shi. Wannan gado ne, kuma abin kunya ne a ce a hannunmu ya faɗi.

Abin da madubi ya gano

A 1683 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antoni van Leeuwenhoek, ya kankaro farar dauɗar da ke tsakanin haƙoransa, ya duba ta da madubin ƙara girma da ya haɗa da hannunsa. Ya ga wasu ƙananan halittu suna motsi, ba iyaka. Ya kurkure baki da ruwan tsami mai ƙarfi ya sake dubawa, sai ya tarar na sama-sama kawai suka mutu, na cikin dauɗar suna nan da ransu. Tun ranar aka sami hujja cewa kurkura ita kaɗai ba ta isa ba, sai an goge.

Duk da haka 'yan kasuwa sun fi son rufewa, don a nan riba take. A Amurka an haɗa wani ruwa mai suna Listerine a 1879 don kashe ƙwayoyin cuta a aikin tiyata. A shekarun 1920 masu shi suka ɗauko wata kalmar likitoci, halitosis, suka cika jaridu da tallan 'yan matan da suka rasa miji saboda warin baki. Ciniki ya yi sama. Buroshin nailan irin wanda muka sani ya fito a 1938.

A shekarun 1960 da 1970 ne wani masani a Kanada, Joseph Tonzetich, ya auna iskar baki da na'ura, ya tabbatar da cewa warin wata iska ce mai sinadarin farar wuta, dangin warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙwayoyin cutar da ba sa son iska ne ke fitar da ita in suna cin ragowar abinci da jini da matattun ƙwayoyin fatar baki. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa cikin mutum 10 masu wannan matsala, 8 zuwa 9 daga cikin bakin kansa take tasowa. Ciki, wanda muke yawan ɗora wa laifi, rabonsa kaɗan ne. Babban maɓoyar ƙwayoyin kuma shi ne can bayan harshe. To ku tuna ruwayar Abu Musa. Allahu Akbar.

Abin da ya canza a unguwarmu

Goro yana nan, sigari ya ƙaru a kansa. Shayi ana zuba masa sukari har cokali ya kusa tsayawa, a sha da safe, a sha da dare. Yara na tafiya makaranta da alewa da cingam da lemon kwalba. Da yamma a ci tsire da ɗanyar albasa da yaji, a jefa minti ɗaya a baki, a shigo sallar Isha'i. Mai babur ya yini a rana bai sha ruwa ba. Asuwaki kuwa ya koma abin tsofaffi, ko na ranar Juma'a, buroshin da ya maye gurbinsa kuma ana yi masa wucewar gaggawa sau ɗaya da safe. An saki na da, ba a riƙe na yanzu da kyau ba.

Ga sanadin warin a taƙaice. Na ɗaya, farar dauɗar bayan harshe. Na biyu, ciwon dasashi, alamarsa jini a kan asuwaki ko buroshi, kuma shi ne ke kai haƙori ga girgiɗi. Na uku, kogon haƙori da naman da ya maƙale ya kwana. Na huɗu, bushewar baki, domin yawu shi ne ruwan da Allah Ya sa yana wanke baki dare da rana, kuma yana raguwa da barci, da azumi, da ƙishirwa, da numfashi ta baki, da wasu magunguna. Na biyar, taba kowace iri, ta sha ko ta ƙunsawa, wadda ke ɓata dasashi, tana kuma jawo ciwon dajin baki. Sai abin da ke zuwa daga wajen baki: majinar hanci da ta daɗe, ƙullin gefen maƙogwaro, ƙwannafi mai yawa, ciwon huhu, hanta ko ƙoda.

Magani

A goge haƙora sau 2 a yini, minti 2 kowane karo, da makilin mai sinadarin fuloraid, kuma na dare kafin barci ya fi muhimmanci. A goge harshe daga baya zuwa gaba a hankali. A fitar da abin da ke tsakanin haƙora da zaren sakace da ake samu a kantin magani, ban da allura ko tsinken ashana. A dawo da asuwaki wajen kowace alwala. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ƙarfafa amfani da shi a inda aka saba. Sai dai garinmu na samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, asuwakin da aka cusa aljihu a jiƙe kan yi fumfuna. A wanke shi, a bar shi ya sha iska, a riƙa yanke kan a kai a kai. Gawayi da gishiri kullum suna cinye farin haƙori, a sassauta. Wanda ya ci goro ya kurkure, domin garinsa na maƙalewa. Mai haƙoran roba ya cire su da dare ya wanke. A yawaita shan ruwa, a rage sukari, a bar taba.

Ɓawon da ya riga ya daskare, ba asuwaki ba buroshi da zai cire shi, sai likitan haƙori, a Laquintinie ko wani asibitin da ke da sashen haƙori. Masu cewa kankara na sa haƙori girgiɗi su sani ɓawon ne ya riga ya cinye gindin. In an yi duk wannan na wasu makonni wari bai tafi ba, a je a duba jiki.

Abu uku ba sa jira. Mai ciwon sukari da numfashinsa ya koma kamar na ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, ga kasala da amai, a kai shi asibiti nan take. Yaron da hancinsa guda ke zubar da majina mai wari, sau da yawa gyaɗa ko dutsen ado ya cusa. Sai ƙaramin yaro mai rama, musamman bayan ƙyanda, da bakinsa ya yi mummunan ɗoyi, dasashi na gyambo, kunci ya kumbura: wannan na iya zama cutar da likitoci ke kira noma, mai cinye fuska cikin 'yan kwanaki. Saboda ita aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999. In an kama ta da wuri, magani na tsayar da ita.

Mai azumi kuma kada ya fake da falalar da aka ambata game da warin bakinsa. Wancan canji ne da rashin ci ke kawowa, daban yake da dauɗar sahur da aka bari. A mazhabarmu asuwaki halal ne ga mai azumi yini duka, ɗanye ne kawai aka karhanta don gudun haɗiye ruwansa.

Ladabin faɗa wa ɗan'uwa

Laifi tudu ne, kowa ya fara da kansa. Ka tambayi matarka ko amininka, ka ce ya gaya maka gaskiya, in ya faɗa kada ka yi fushi. Akwai kuma masu waswasi, da ke rufe baki da hannu alhali ba su da komai. In mutum biyu amintattu da likita sun ce lafiya lau, ka yarda ka huta.

In kai ne za ka faɗa wa wani, ka keɓe shi, ban da gaban jama'a, ban da habaici. Ka miƙa masa sabon asuwaki ka ce, “Malam, na sayo guda biyu, ga naka.” Mai hankali zai gane. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ɗalibai, wanda ya laƙaba wa ɗan'uwansa suna saboda wannan ya ɗauki zunubin da ya fi warin muni. Malaman makaranta su riƙa duba bakin yara kamar yadda suke duba farce, iyaye kuma su sa hannu tun haƙoran farko.

Allah Ya tsarkake bakunanmu daga wari da ƙarya da gulma, Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan unguwa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.